Fleuve ko rivière, to gulbin Maraɗi fa a ina za a saka shi?

Akwai wani ɗan ruwa a arewacin Faransa, yankin Normandi, sunansa Veules. Tsawonsa kaf mita 1149 ne, a cikin ƙauye ɗaya ya ɓuɓɓugo kuma a cikin ƙauyen ya faɗa teku, ko tsoho mai dogara sanda zai bi shi daga farko har ƙarshe bai nemi wurin zama ba. Amma a Faransanci sunansa fleuve, wato kalmar da ake kiran Nilu da Kwango da Amazon da ita. Shi kuwa Binuwai namu da ya taso tun daga tsaunukan Adamawa na Kamaru, ya ratsa Garwa, ya bi ta Yola da Makurɗi, ya yi tafiyar wajen kilomita 1400 kafin ya iso Lakwaja, wai shi rivière ne. Toh fa.

Duk shekara sai na sha wannan rigimar da yaran da nake yi wa lesin ɗin Faransanci da yamma, don kusan kowa da abun da yake zuwa da shi a ka, wai fleuve babban kogi, rivière ƙaramin kogi, shikenan an gama. Ba laifinsu bane, haka ƙananan ƙamus ɗin nan na aljihu suke fassarawa, kuma sau tari hakan yakan dace. Amma ba girma ake aunawa ba sam. Tambayar guda ɗaya ce, ruwan nan ina ya ƙare? In teku ya zuba kai tsaye to fleuve ne, ko da da ƙafa ake tsallake shi. In cikin wani kogin ya zuba to rivière ne, ko da jiragen dakon kaya ne ke yawo a kansa. Binuwai a cikin Kwara ya ƙare, Kwara ne ya kai ruwan teku, don haka Kwara ya tafi da rawanin, ana ce masa le fleuve Niger, Binuwai kuma aka bar shi da sunan affluent, wato mai kawo wa babba ruwa.

Kafin in wuce, maganar furuci, don nan ma ana shan wuya. Wannan "eu" ɗin na cikin fleuve babu shi a Hausa kwata-kwata, dabarar da nake koya wa yara ita ce ka zagaye leɓenka kaman zaka ce "o" amma sai ka ce "e", in ya fito wani iri a kunnenka to ka kusa. Kuma le fleuve ake cewa, namiji, la rivière kuma tamace.

Faransa tana da manyan fleuve da kowane ɗan firamare yake haddacewa. Ina da kawu a Maraɗi, wajen dangin mahaifiyata, da ya yi lakwal, wato makarantar boko, tun zamanin da ake rubutu a kan ardwaz, ɗan allon da yara ke riƙewa, har gobe in ka taɓo shi sai ya jero maka su kaman karatun allo, la Seine, la Loire, la Garonne, le Rhône, alhali ko Yamai bai cika zuwa ba balle Faransa. Loire ne mafi tsawo, ya ɗan haura kilomita 1000, ya taso daga wani dutse da ake kira Mont Gerbier-de-Jonc ya bi ta Orléans da Tours da Nantes ya faɗa Atlantika a Saint-Nazaire. Seine shi ne na birnin Faris, wajen kilomita 777, wanda aka yi bikin buɗe gasar Olamfik a kansa ran 26 ga Yuli 2024, yana ƙarewa a Le Havre. Rhône daga ƙanƙarar duwatsun Suwizalan ya fito, ya shiga tafkin Léman ta gefe ɗaya ya fita ta Janiba, ya sauko Lyon ya gangara Bahar Rum. Garonne kuma asalinsa ma a ƙasar Sifen yake. Sauran ƙananan da suke tasowa kusa da gaɓa su faɗa teku da kansu, irin su Somme da Var da Hérault da ɗan Veules ɗinmu, su ake kira fleuve côtier, wato fleuve na bakin teku, kaman dai an ba su sarautar amma an ɗan rage mata tsawo.

Yanzu dubi waɗanda aka hana. Marne kilomita 514 ne, ya ninka da yawa daga cikin waɗancan na bakin tekun sau biyar sau goma, amma tunda a cikin Seine ya zuba, dab da shiga Faris, rivière ne. Saône ya haɗu da Rhône a tsakiyar Lyon, shi ma rivière. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne Missouri na Amurka, kogin da ya haura kilomita 3700, Bafaranshe zai dube ka ido cikin ido yace maka rivière ne saboda a Mississippi ya ƙare. A Kanada ma haka, masu jin Faransanci na Kebek in suka ce "le fleuve" kawai ba tare da suna ba to Saint-Laurent suke nufi, shi kuwa kogin da ya bi ta Ottawa duk da ya fi Loire tsawo sunansa rivière des Outaouais.

To da a nan maganar ta tsaya da sai mu ce ƙa'ida ce mai kyau, a haddace a wuce. Amma ƙa'idar tana yoyo, kuma tun a gidansu take yoyon.

Ɗauki Seine ɗin kansa. Al'adar masana ƙasa ita ce in koguna biyu suka haɗu, wanda ya zo da ruwa mafi yawa shi ke riƙe suna, ɗayan ya zama affluent. A wani gari da ake kira Montereau-Fault-Yonne, kudu maso gabas da Faris, Seine ya haɗu da Yonne, kuma da aka auna sai aka tarar Yonne ne ke kawo ruwa fiye da Seine. Wato in da gaske ake bin doka, ruwan da ke wucewa ta gindin hasumiyar Eiffel sunansa Yonne, shi ne fleuve, Seine kuma ɗan rakiya ne. Faransawa sun san da wannan sarai, suna ma ba da labarin a matsayin abun raha, amma ba wanda ya isa ya canza sunan da aka saba da shi tun zamanin Rumawa. Can kudu maso yamma kuma Garonne da Dordogne sun haɗu a Bec d'Ambès, ƙasa da Bordeaux, daga nan sai ruwan ya sake suna ya koma Gironde, wani makeken bakin kogi da ruwan teku ke shigowa ciki yana fita. Shi ya sa mutanen Dordogne suke cewa namu ma fleuve ne, ai ba cikin Garonne ya zuba ba, tare suka isa. Har yau ana wannan musun.

A yankin Biritaniya na Faransa, wato Bretagne, abun ma ya fi haka, akwai rivière d'Auray da rivière de Morlaix da rivière d'Étel, duk a teku suke ƙarewa kai tsaye kuma duk rivière ake ce musu, don masunta da matuƙan jirgi haka suka saba kira tun kafin malaman makaranta su zo da ƙa'ida. Ko a nan Afirka ta Yamma, a ƙarshen ƙarni na 19 gaɓar da ta zama ƙasar Gini daga baya Faransawa Rivières du Sud suka sa mata suna, alhali kogunan wajen duk Atlantika suke zuba.

Sai kuma matsalar kogin da ba ya zuwa teku kuma ba ya zuba cikin wani kogi. Wannan ta shafe mu kai tsaye. Kogin Shari da ya bi ta Injamena a tafkin Cadi ya ƙare, kuma shi ne ke kawo kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da ke shiga tafkin, ba teku ko ɗaya a labarinsa, amma le fleuve Chari ake cewa. Volga na Rasha da ya ƙare a Kasfiyan fleuve, kogin Urdun da ya ƙare a Mataccen Teku fleuve, Okavango da ya bazu cikin yashin Botswana ya ɓace shi ma fleuve. Wato an ɗan faɗaɗa ƙa'idar, aka ce in dai kai ne na ƙarshe, ba wani kogi ka miƙa wa ruwanka ba, to ka cancanta. Madalla. To Komadugu Yobe fa? Shi ma ai tafkin Cadin ya nufa da kansa, bayan kogin Haɗeja da na Jama'are sun haɗu, ya bi iyakar Nijar da Najeriya ta Difa inda ake noman tattasan nan, ya isa tafki wajen Bosso. Bai zuba cikin kowa ba. Amma mafi yawan lokaci rivière zaka ga an rubuta. Dalili? Ba shi da ruwan Shari, kuma da rani yakan yanke ya koma gurabe. Ashe dai girman da aka ce ba a dubawa ana satar kallonsa.

Mutanen Afirka masu jin Faransanci kuwa ba su ma tsaya wannan dogon lissafin ba. A Garwa le fleuve Bénoué zaka ji ana faɗa a rediyo da jarida, a Kusiri le fleuve Logone duk da Logone a cikin Shari ya zuba, a Bangi le fleuve Oubangui duk da shi ma Kwango yake kai wa. Ni dai ban ga laifinsu ba. Mutumin da ya tashi yana ganin ruwan da sai da kwale-kwale ake fito, da dorina a ciki, ka ce masa ya kira shi da kalma ɗaya da ɗan rafin bayan gari, ai bakinsa ba zai yarda ba. Abun da nake gaya wa yara shi ne a jarabawa ku rubuta rivière don maki, in kun je Garwa kuka ji an ce fleuve kada ku gyara wa kowa.

Ƙasa da rivière akwai ƙananan. Ruisseau shi ne rafi ko ƙorama, ruwan da ba zurfi wanda yaro zai tsallake. Wanda ya fi shi ƙanƙanta ruisselet, akwai ma ru, harafi biyu kacal, wanda a yankin Faris aka fi jin sa. Suna da karin magana, les petits ruisseaux font les grandes rivières, daidai da namu na da yayyafi kogi kan cika, kuma ku lura ko a karin maganar tasu grandes rivières suka ce, manyan rivière, ba su ce fleuve ba. Torrent kuma ruwan dutse ne mai gangarowa da ƙarfi yana tafe da duwatsu, daga nan aka samo pluies torrentielles da ake ji a labaran damina, ruwan sama kaman da bakin ƙwarya. Kowane yanki kuma da tasa kalmar, a duwatsun Pyrénées gave suke cewa, kaman Gave de Pau da ya bi ta Lourdes inda Kiristocin Katolika ke zuwa ziyara, a Savoie kuma nant. In duk ka rikice akwai mafita, ka ce cours d'eau, wato duk wani ruwa mai gudu, babba ko ƙarami, ba malamin da zai ja maka jan biro a kai.

Wani abun haushi kuma, jinsin sunan kogi ba ruwansa da ko fleuve ne ko rivière. La Seine da la Loire mata ne amma fleuve ne, le Lot da le Tarn da le Cher maza ne amma rivière ne. Har akwai le Loir, ba "e" a ƙarshe, wani rivière daban da la Loire, furucinsu iri ɗaya sak, le da la ne kawai ke raba su. Haddacewa ake yi, ba wata dabara. Amfanin haddar dai shi ne tunda aka yanka ƙasar zuwa département, wato gundumomi, a 1790 yawancinsu sunan kogi aka ba su, Seine-et-Marne, Loir-et-Cher, Lot-et-Garonne, don haka wanda ya san kogunan ya san rabin taswirar Faransa.

Ni a ganina wannan rabon na fleuve da rivière tunanin mutanen da ke da tashar jirgin ruwa ne. Ƙasarsu ruwa na gudu shekara zagaye, ba wanda ke tambaya ko kogi zai ƙafe, abun da ya dame su shi ne wace hanya ce zata fitar da kaya zuwa teku. Bordeaux a kan Garonne, Nantes a kan Loire, Rouen can cikin ƙasa a kan Seine amma jiragen teku na isa har can, duk arzikinsu daga wannan ya zo. Mu kuwa teku na can nesa, tafiyar sama da kilomita 1000 daga Katsina ko Maraɗi, ba wanda ya taɓa tsayawa bakin gulbi yana tunanin ina ruwan zai ƙare. Tambayoyinmu daban ne. Yana kai rani ko ƙafewa yake? In ya kawo ana iya ƙetarewa ko sai an kwana a gaɓa? In ya janye yana barin fadamar da za a yi lambu? In an tona yashinsa da rani ana samun ruwan sha? Ko kogi da gulbi ma ba girma ne ya raba su ba, yawanci bakin mutane ne, Bakano yace kogi, mu nan Katsina da Maraɗi da Sakkwato mu ce gulbi.

Shi ya sa da Faransanci ya iso ƙasashenmu sai kalmominsa suka gaza, dole ya ara. Buɗe taswirar Nijar ka gani. Goulbi de Maradi, Goulbi N'Kaba, gulbinmu ne aka rubuta da "ou" aka sa masa le a gaba, har jam'i suke yi masa su ce les goulbis. A jihar Damagaram akwai la Korama, ƙoramarmu ce ita ma. Gulbin Maraɗi kuwa labarinsa abun sha'awa ne, daga ƙasar Katsina ya taso, ya bi ta Jibiya inda aka yi masa dam, ya tsallaka Nijar ta wajen Madarunfa, ya wuce Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, sannan ya sake karyo kwana ya dawo Najeriya ya shiga gulbin Rima, Rima ya haɗu da gulbin Sakkwato, shi kuma ya bi ta Argungu da Birnin Kabi ya kai wa Kwara. A bisa ƙa'idar littafi rivière ne, ko ma sous-affluent, mai kai wa mai kaiwa. Amma Bafaranshen da aka ce wa rivière zai zo yana tsammanin ruwa da kifi, in ya zo a watan Maris yashi zai tarar da amalanken shanu suna ɗiba. Don haka goulbi ɗin ya fi faɗin gaskiya.

Sai kori, kalmar da duk mai sauraron labaran Nijar da Faransanci ya sani, kuma ba daga Faransa ta zo ba, ta ƙasa ce. Kori hanyar ruwa ce busasshiya, kwazazzabo ko kwarin yashi, da babu komai cikinta sai an yi ruwan sama, in an yi kuma cikin awa ɗaya ta cika ta tafi da mota da gada da duk abun da ta samu. Teloua na Agadas kori ne, daga duwatsun Abzin yake saukowa, shi ne ya yi ambaliyar da ta yi ɓarna a garin a farkon Satumba 2009. A tsakiyar Yamai akwai Gounti Yéna. Direbobi sun fi kowa sanin kalmar, don a damina kori ne ke yanke hanya a kwana a gefen titi. Dallol kuma daga Fulatanci ne, Dallol Bosso da Dallol Maouri a jihar Doso, su manyan kwaruruka ne da kogi ya taɓa bi tun zamanin da Sahara ke da ruwa, yanzu ba ruwa a sama amma rijiya ba ta nisa, su ake kira vallée fossile a littattafai. A arewacin Kamaru mayo ne ya shiga Faransanci, shi ma Fulatanci, har sunayen gundumomi ya zama, Mayo-Tsanaga, Mayo-Danay, Mayo-Sava, Mayo-Rey, a Cadi akwai Mayo-Kebbi, mu ma muna da Mayo-Belwa a jihar Adamawa. A Marwa mutum zai ce maka da Faransanci zai tsallaka le mayo ba wanda zai ɗaga kai. Cadi kuma ta ƙara da bahr na Larabci, Bahr Salamat, Bahr el-Ghazal. Komadugu ma da Barbarci kogi yake nufi.

Biyu daga irin waɗannan sun yi nisa har sun shiga ƙamus ɗin Faransa kanta. Oued, daga wadi na Larabci, ta shiga ta hanyar Aljeriya bayan mamayar da Faransa ta yi wa ƙasar a 1830, ita ce takwarar kori a arewacin Afirka. Sai marigot, wani reshen kogi ko gurbi da ruwa ke kwanciya a ƙasashe masu zafi, inda ake wanki da shayar da dabbobi, 'yan jaridar Faransa sun ɗauke ta sun kai siyasa, in suka ce le marigot politique suna nufin kududdufin da kadoji ke cin junansu. Ruwan da ba ya gudu kuma wani babi ne, mare shi ne tabki, a Nijar har ana raba mare permanente mai kai shekara da mare temporaire mai ƙafewa, kaman mare de Tabalak a jihar Tawa, na Madarunfa kuwa an ɗaga shi zuwa lac.

Yanzu ga ɓangaren da na fi so yara su riƙe fiye da duk wancan musun, don shi ne ke da amfani ga wanda zai karanta rahoto ko sanarwar ambaliya. Ko da yake tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, Faransanci ya koma harshen aiki, irin waɗannan takardun da shi ake rubuta yawancinsu, haka na hukumar kula da kogin Kwara ta ƙasashe tara, Autorité du Bassin du Niger, mai hedikwata a Yamai.

Farko amont da aval. Amont sama, inda ruwa ya fito, aval ƙasa, inda ya nufa, a cikin na farkon akwai mont wato dutse, a cikin na biyun akwai val wato kwari, in ka tuna wannan ba zaka sake haɗa su ba. Dam ɗin Kandaji da ake ginawa yana en amont de Niamey, Gaya kuma en aval. Sai rive droite da rive gauche, gaɓar dama da ta hagu, kuma nan mutane ke ruɗewa don suna ɗauka daga inda suke tsaye ake lissafi. A'a, ka juya fuskarka inda ruwa ya nufa, abun da ke hannun damanka shi ne rive droite har abada. A Yamai tsakiyar gari da babbar kasuwa suna rive gauche, in ka hau gadar Kennedy da aka buɗe a 1970 ka sauka Harobanda inda jami'ar Abdou Moumouni take to ka shiga rive droite, kuma haka kowa ke kiran unguwannin wajen, ɗan tasi ma in ka ce masa rive droite ya gane. A Faris Sorbonne na hagu, Louvre na dama. Confluent mahaɗa ce, kaman Lakwaja. Embouchure bakin da kogi ya faɗa teku, in baki ɗaya ne mai faɗi estuaire, irin na Gironde, in ya rarrabu rassa-rassa delta, irin na Rhône a Camargue ko Neja Delta tamu.

Akwai kuma lit, asalin ma'anarta gado na kwana, amma ita ake amfani da ita ga hanyar da kogi ke kwance a ciki. Lit mineur ita ce hanyarsa ta kullum, lit majeur kuma duk filin da yake mamayewa in ya cika ya batse, kusan abun da muke kira fadama. In ka ji an ce le fleuve est sorti de son lit to ya yi ambaliya. Wannan lit majeur ɗin ba kalmar jarabawa bace kawai wallahi. Tsohon garin Maraɗi a cikin kwarin gulbi yake, ambaliyar 1945 ce ta cinye shi aka tashi aka koma kan tudu inda garin yake yanzu. Jibiya ma ta ga nata a Yulin 2018. Kogi kan yi shekara ashirin bai leƙa fadamarsa ba, mutane su yanka filaye su yi gini, ranar da ya dawo kuma ba sallama.

Crue cikar kogi, décrue janyewarsa, daga nan aka samu cultures de décrue, noman da ake yi a danshin da ruwa ya bari. Étiage kuma lokacin da ruwa ya yi ƙasa iyakar yinsa, mafi muni da aka gani a Yamai shi ne na 1985, lokacin da Kwara duk girmansa ya daina gudu bayan farin shekarun nan. Débit yawan ruwan da ke wucewa a daƙiƙa, cote kuma tsayin ruwa a ma'aunin da aka kafa a bakin kogi, da santimita ake faɗa.

Abun da yake burge ni shi ne a Yamai crue biyu ake yi a shekara, kowace da sunanta. Ta farko crue locale, wadda aka fi sani da crue rouge, jar cika, tana zuwa Agusta zuwa Satumba, ruwan saman yankin ne da rivière ɗin gaɓar dama irin su Sirba da Dargol da Gorouol ke kwasowa daga wajen Burkina Faso, tafe da jar laka shi ya sa kogin ke yin ja. Ta biyun crue guinéenne, ruwan da aka yi a tsaunukan Gini tun damina, ya bi ta Bamako da Segu, ya shiga wannan makekiyar fadamar ta Masina a Mali da suke kira delta intérieur ya bazu ya yi watanni yana jan ƙafa, sai wajen Disamba zuwa Fabrairu yake isowa Yamai, ana tsakiyar hunturu ba ko ɗigon ruwan sama amma kogi na ƙaruwa. A da wannan ta Ginin ita ce babba. Yanzu jar ce ke ba da tsoro, saboda an sare itatuwa ƙasa ta yi fako ba ta shan ruwa, duk abun da ya sauko sai ya gangara kori ya faɗa Sirba. A ma'aunin Yamai in ruwa ya kai santimita 620 an shiga alerte rouge, jan gargaɗi, a Satumban 2020 kuwa sai da ya kai wajen 700, ya fasa digue wato shingen da aka yi don tare shi, ya shiga unguwannin rive droite da gonakin shinkafa na bakin kogi.